Siman Kaso-Biyu

An yi wani mutum a wani ƙauye, da daɗewa, tun zamanin da Fada ɗaya, wato limamin Katolika, ke zagaya majami'u barkatai a kan babur, sai wata ya cika kafin a sake ganin fuskarsa. Sunan mutumin Siman Korau, kuma sana'arsa jinka. Ya yanko shuci, ya tufka igiya, ya rufe wa mutane ɗaki da rumbu, shi ke nan aikinsa. Ba shi da karatu, ba ya cikin kowane kwamiti. In an zo Misa ma bencin baya yake zama kusa da ƙofa, wai kada zufarsa ta dami masu sababbin kaya. Ku saurara da kyau, 'yan'uwa, musamman ku na bencin gaba.

Wata shekara ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina, dawa ta bushe a tsaye. Kafin wata daminar ta zagayo, yunwa ta shiga gida gida. Sai dayosis, wato yankin majami'un da ke ƙarƙashin Bishop, ta tara hatsi daga garuruwan da suka samu amfani, Bishop ya ce a raba wa kowa, Kirista da wanda ba Kirista ba. A ƙauyen su Siman, wata Sista ce ke kula da rabon. Duk ranar Asabar a yi layi a filin coci, a kira sunan maigida, ya zo da buhunsa a zuba masa kason gidansa.

To, a bakin garin akwai wani dattijo, babban manomi a zamaninsa. Rabin mutanen ƙauyen sun ci tuwon gidansa a shekarun baya, shi kuwa bai taɓa miƙa wa ɗan Adam hannu ba. Kun san al'adar mutanenmu: maigida ne ke hawa rumbu da safe, ya ɗebo hatsi ya auna wa mata. Mace ba ta leƙa rumbu, yaro ba ya leƙawa. Abin da ke ciki, tsakanin maigida ne da Allah.

Wannan dattijo ya kira Siman ya gyara masa jinkar rumbu. Siman ya hau, ya ɗaga jinka, sai ya ga ƙasan rumbun fayau kamar an share. Ƙwarya ɗaya ce a ajiye, da 'yar dawa a cikinta. Ashe tsohon ya daɗe yana sayar da kayansa a kasuwar nesa, ya sayo ɗan abin da ya samu ya jefa a rumbu, da safe ya hau ya ɗebo kamar da. Iyalinsa ba su sani ba. Yanzu kuwa abin sayarwar ya ƙare.

Siman ya sauko, suka haɗa ido. Dattijon ya ce, "Ka gani ko?"

Siman ya ce, "Na gani, Baba. Ai ana rabo a coci ranar Asabar, kuma ba a tambayar addini."

"Na sani. Ni zan tsaya a layi a kira sunana, surukaina suna kallo? Bar ni kawai, Siman. Abin da ka gani, ka bar shi a nan."

Kada ku yi saurin cewa girman kai ne. Mutumin da ya shekara hamsin yana ciyar da jama'a, abin da ya rage masa a duniya shi ne hawan nan na safe. Siman ya gane haka, tausayi ya kama shi har ya kasa cin abinci ranar. Washegari ya je wajen Sista ya ce akwai wani gida da ke cikin yunwa, amma maigidan ba zai iya zuwa layi ba, kuma shi ba zai faɗi sunansa ba. Sista ta dube shi, ta san halinsa, ta ce, "Ka riƙa karɓar kaso biyu."

Haka aka yi. Siman ya karɓi biyu, ya kai ɗaya gida, ya tura ɗayan cikin damin shuci ya ɗaure. Ranar kasuwa da tsakar rana, lokacin da gari ya watse, sai ya ɗauki daminsa ya nufi bakin gari. Wa zai tambayi mai jinka inda za shi da shuci? Ya hau rumbu kamar mai toshe yoyo, ya juye hatsin, ya sauko. Dattijon yana zaune a gindin bishiya ya juya baya, yana gyaran ƙotar fartanya. Ba su taɓa yin maganar ba, ko sau ɗaya.

Ana haka sai aka yi wa Sista canjin wurin aiki cikin gaggawa, zuwa wani asibiti mai nisa. Ta tafi ba ta gaya wa kowa zancen Siman ba, mantuwa ce irin ta ɗan Adam. Rabo ya koma hannun Malam Zakka, shugaban kwamitin adalci da salama na majami'ar. Ba mugu ba ne Malam Zakka, ina so ku ji wannan. An taɓa kama masu sayar da hatsin taimako a kasuwa, abin ya yi masa ciwo, ya yi alkawari ba za a sake ba a hannunsa. Asabar ta farko da ya tsaya a kan buhuna, Siman ya miƙa buhu na biyu.

"Wannan na wa?"

"Na wani gida ne, Malam. Sista ta sani."

"Sista ba ta nan. Wane gida?"

"Ba zan iya faɗa ba."

"To mai gidan ya zo da ƙafarsa. Ko kuwa ka faɗi sunansa mu kira, kowa ya ji, kamar yadda ake yi wa kowa."

Siman ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka yi haƙuri, Malam, ba zan faɗa ba."

Layi ya ɗauki surutu. Wani daga baya ya ce ashe shiru-shirun nan na munafunci ne, wata ta ce dama ta lura yana yawan yawo da dami. Kwamiti ya yanke hukunci nan take: Siman ba zai sake karɓa ba, har kason gidansa, sai ya faɗi inda hatsin ke zuwa. Kafin la'asar gari ya raɗa masa suna, Siman Kaso-Biyu. Ya koma gida da buhuna biyu a naɗe a hammata.

Matarsa Sisiliya tana jiransa da turmi a wanke. Da ta ji abin da ya faru, sai ta zauna a bakin murhu ta ce, "Maigida, suna ɗaya fa. Ka faɗi suna ɗaya yaranka su ci abinci. Ko ni ba za ka gaya wa ba?"

"In na gaya miki, na ɗora miki kaya. Mata za su tsare ki a rijiya."

"Ai sun riga sun tsare ni. Matar ɓarawo suke ce mini."

Wannan maganar ta fi yunwar yi masa zafi. Sisiliya tana da gaskiya, ku mata kun san tana da gaskiya. Shi ma ya sani. Ya yi ta auna abin a ransa: in ya buɗe baki, nan da nan sunansa zai wanku, yaransa su ƙoshi. Amma ranar da aka kira sunan tsohon nan a filin coci, matansa da surukansa suka ji cewa rumbun da yake hawa kowace safiya fanko ne, to an gama da shi, ko da an cika masa rumbun har baki.

Asabar uku Siman bai je layi ba. Ya koma ƙodago a gonakin mutane, ana biyansa da 'yar dawa. Abin da ya samo ya raba biyu, rabi gida, rabi cikin dami. Yaransa suka koma kunu sau ɗaya a yini, da ganyen tafasa. Ranar Lahadi kuma yana nan a bencinsa na baya, sai dai yanzu bencin nasa ne shi kaɗai, don kowa ya matsa.

Da wata ya cika, Fada ya iso. Malam Zakka ya kai ƙara, Fada ya kira Siman gefe ya ce, "Siman, ni ka gaya mini. Ba zai fita daga bakina ba."

Siman ya ce, "Fada, na yi alkawari ba zan faɗa ba. Amma ban yi alkawarin ba zan ɗauki ɗan dako ba. Gobe kasuwa. In za ka cire farar rigar nan ka ɗauki dami ka biyo ni, za ka gani da idonka."

Ku dubi ƙarfin hali, mai jinka yana ɗaukar Fada dako. Fadan kuwa saurayi ne mai sauƙin kai. Washegari ya ɗebi kaso ɗaya da hannunsa, ya sa tsohuwar taguwa da malfa, ya ɗora dami a ka, shuci yana tsokale masa ido, ya bi Siman ta bayan gari. Fada ne ya hau rumbun, shi ya ɗaga jinka. Ya daɗe a sama yana kallon ƙasan rumbun kafin ya juye hatsin.

Da ya sauko, dattijon bai juyo ba. Wa bai san Fada ba a ƙasar nan? Amma sai tsohon ya ce, "Siman, ka gaishe mini da abokin aikinka." Suna barin wurin suka ji ya tashi, ya hau rumbunsa a hankali, ya kira uwargidansa da muryar maigida ya ce ta kawo ƙwarya.

Ranar Lahadi Fada ya tsaya a gaban jama'a ya ce, "Na je na gani. Siman bai ci ƙwaya ɗaya da ba tasa ba. A mayar masa da kasonsa, da na ɗayan gidan. Kada kowa ya tambaye ni suna." Malam Zakka ya taka har bencin baya ya nemi gafara, kuma shi da kansa ya kawo shawarar a daina kiran suna a fili, a zaɓi amintattu su riƙa kai wa irin waɗannan gidaje a asirce. Daga baya sauran majami'un dayosis ɗin suka ɗauki tsarin.

Kada ku zaci kowa ya yarda. Tun da ba a faɗi suna ba, akwai waɗanda suka ce Fada ya rufa wa Siman asiri ne kawai. Sunan Kaso-Biyu bai bar shi ba har ya tsufa, har ya rasu, kuma in an kira shi da shi yana amsawa. Na ga wasunku suna jira in faɗi sunan dattijon. Ban sani ba. Wanda ya ba ni labarin bai sani ba, Sisiliya ma har ta koma ga Allah ba ta sani ba. Siman ya tafi da shi kabari, Fada ya tafi da shi.

To, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Ciyar da mai yunwa wajibi ne, amma in ka cika masa ciki ka tsiraita shi a gaban jama'a, ka karɓe abin da ya fi wanda ka ba shi. Taimako na gaskiya yana tafiya da rufin asiri, kuma wani lokaci rufin asirin nan da mutuncinka za ka biya shi. Ubangijinmu Yesu ma kunyarmu ya ɗauka, bai tsaya wanke sunansa ba.

Mu fa? Ba ma ba da tiyar masara sai an jera mutane an ɗauki hoto, gwauruwa tana riƙe da leda tana sunkuyar da kai, mu muna murmushi a gefenta. 'Yan kwamiti, da ku nake, da ni kaina. A unguwarku akwai gidan da ake ɗora tukunya a wuta don maƙwabta su ga hayaƙi, kuma mai gidan ba zai taɓa zuwa layinmu ba. Wataƙila yana zaune kusa da kai yanzu, da wankakkiyar riga. In Allah ya nuna maka cikin rumbun wani, ka kai masa abin da za ka iya, ka mayar da jinkar yadda ka same ta, ka kama bakinka ko da za a zage ka a kai. Allah ya ba mu ikon yi. Mu tashi mu yi addu'a.