Ragon Mujahid da Wutar Unguwa

Akwai wani mai sayar da aya a garin Gazawa, sunansa Mujahid. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Matsalarsa ɗaya ce: in ya samu abu, ba ya samun sukuni sai gari duka ya san ya samu.

Bara aya ta yi kasuwa, sai ya sayi ragon layyarsa na farko da gumin kansa, wani balami fari sol, mai ƙibar da sai a amalanke aka kawo shi. Tun Sallah saura sati biyu ya ɗaure shi a bakin hanya, ya kawo kujera ya ajiye kusa da shi.

Amma ba don 'yan Gazawa ya yi wannan wahala ba. Don surukinsa ne, Malam Rilwanu na Gangara. Lokacin da Mujahid ke neman auren ɗiyarsa Hamdiya, dattijon ya daɗe bai amince ba, har aka jiyo shi yana cewa yaron nan bakinsa ya fi aikinsa, anya zai iya riƙe gida. Shekara uku maganar nan tana cin Mujahid a rai. Don haka ya aika Gangara cewa washegarin Sallah yana tafe da cinyar da ba a taɓa shiga da irinta gidan ba. Bai bar saƙon a Gangara ba, sai da ya maimaita shi a masallaci da wurin mai shayi.

Ga wanda bai san layyar wajenmu ba, ga yadda take tun zamanin kakanni. In an yanka an feɗe, sai a banƙare dabba ɗungurungum a kan sanduna, a kai ta wutar unguwa. Kowa ya kawo itacensa, a hura wuta ɗaya doguwa, a jera dabbobi kewaye da ita, su yini suna tsane mai har magariba. Ranar Sallah kayan ciki ake ci. Sai washegari a sassara nama a yi rabo. Naman da ya gasu haka yana daɗewa bai yi komai ba.

A unguwar su Mujahid, mai kula da wutar wani tsohon mahauci ne, Baba Tsoho. Da aka sauko daga Idi aka gama fiɗa, sai ya leƙo ya ce wa Mujahid ya kawo nasa, an bar masa wuri mai kyau.

Mujahid ya dubi layin da aka jera. Tumaki uku, sauran duk awaki, har da wata 'yar akuyar Indo mai ƙosai da iska za ta iya ɗauka.

Ya ce, "Baba, ragona cikin awaki? Warin bunsuru ya kama shi, kuma mai wucewa bai san ko na wa ne ba? Ni wutata daban zan yi."

Baba Tsoho bai ji haushi ba. Ya ce, "To madalla. Amma ka nisanta shi da wuta, ka tsaga cinyoyin har ƙashi. Kitse gare shi, sai an bi shi sannu."

Mujahid ya ce ya gode, a ransa kuwa ya ce hassada ce irin ta tsofaffi. Ya tsaga cinyar da zai kai Gangara, ta ɓaci a hoto?

Ya jibge itace a ƙofar gidansa, ya watsa esansi, wato fetur, ya ƙyasta ashana. Wuta ta tashi har sai da maƙwabcinsa ya fito da bokiti ya tsaya gadin zanarsa. Mujahid ya matso da rago dab da ita. Kafin la'asar ya yi jawur yana ƙyalli, gwanin sha'awa. Ya ɗauke shi hoto ta gaba da ta baya, ya tura Gangara. Hamdiya ta ce a ƙara masa lokaci, ya ce mata ta tsaya kan suyar hanjinta.

Ya naɗe ragon da takardar siminti, ya kai ɗaki ya kulle ƙofa da taga saboda mage. Ga zafin farkon damina, mutum ma da ƙyar yake numfashi. Sannan ya wanke hannu ya tafi wutar unguwa yana sakace, ya tambaye su wai har yanzu ba su gama ba.

Da gari ya waye Hamdiya ta ce tana jin wani wari. Mujahid ya ce ɓera ne ya mutu. Suka ɗaga buhunan aya, suka jawo gado, babu ɓera. Daga ƙarshe ya sa wuƙa a cinyar Gangara. Iyakar kaurin yatsa ne ya gasu. Ciki ɗanye shar, wajen ƙashi har ya fara kore.

Mujahid ya zauna daɓas a ƙasa. Wallahi abin tausayi ne, ko da yake shi ya jawo wa kansa.

Ya yi niyyar binne ragon a bayan gida ba wanda ya sani, amma ungulaye suka riga shi shela. Guda biyar suka jeru a kan katangarsa. Ba a jima ba sai ga sallamar Baba Tsoho. Ya duba naman, ya toshe hanci, ya ce layya dai ta yi tunda jini ya zuba, nama ne kawai ya tafi. Sannan ya juya ya fita.

Kafin hantsi kwanuka suka fara shigowa. Da yake babu wanda bai san alƙawarin Gangara ba, ba wanda ya aiko da tarkace. Kowa ƙafa sukutum ya ciro daga tasa dabbar, har Indo. Daro ya cika. Mujahid ya kasa fitowa ya karɓa, Hamdiya ce ta yi ta godiya.

Suka hau moto, wato babur, ita a baya rungume da daro, shi yana ta shirya ƙaryar da zai yi. Sun tarar da Malam Rilwanu a gindin bishiyar bedi tare da abokansa, duk sun ga hoto, sun zo ganin cinya.

Bayan gaisuwa dattijon ya buɗe daro. Ya ciro ƙafa ya ajiye a faifai. Ya ciro wata. Ya yi ta cirowa a nitse har bakwai, wata doguwa, wata ba ta kai kamu ɗaya ba.

Ya ce, "Mujahid, wai ragon nan ƙafa nawa Allah ya yi mishi?"

Wani daga cikin dattawan ya ɗaga ƙaramar, ya ce shi dai a saninsa wannan a jikin akuya take fitowa. Wuri ya kaure da dariya. Ƙaryar da Mujahid ya shiryo tun daga Gazawa ta gudu ta bar shi. Ya sunkuyar da kai ya faɗi komai, tun daga warin bunsuru har ungulaye.

Malam Rilwanu ya yanki tsoka ya tauna. Can ya ce, "Shekara uku ina tunanin inda na kai ɗiyata. Yau hankalina ya kwanta."

Mujahid ya fara ɗago kai, har murmushi ya soma zuwa.

"Ba don kai ba. Mutanen da ka raina sunka cire ƙafafun dabbobinsu don su rufa maka asiri, ɗiyata ba ta kwana da yunwa cikinsu. Ka koma ka bi su gida-gida ka ba su haƙuri, tun kafin ka cire takalmi."

Darasi: Ibada ba gasa ba ce, kuma abin da ka mallaka ba zai rufa maka asiri kamar yadda mutanen da ke kewaye da kai za su rufa ba. Kada ka raina maƙwabci don nasa ƙarami ne, kada ka raina shawarar wanda ya riga ka sanin aiki. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wanda kuka san ya riga ya ɗaure nasa a bakin hanya.