Tokar Iya Tabawa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, don in na faɗa wasunku za su bar sauraro su koma laluben gidan wa ake nufi. Sunansa Sallau, sana'arsa aikin famfo. A zamanin da masu hali suka fara gina banɗaki a cikin ɗaki, shi ake kira ya ja bututu, ya kafa kwamin wanka da kwanon wanke hannu.

A lokacin akwai wani kaya da ya shigo, mai kama da dutsen marmara, fari tas da jijiyoyi ruwan toka. Amma ba dutse ba ne da aka faso daga tsauni. Garin dutse ne ake kwaɓawa da wani irin ƙaro, a zuba a mazubi ya daskare, sannan a shafe samansa da wani ruwa mai ƙyalli. Duk kyan da ido ke gani a wannan shafen yake, kuma kaurinsa bai fi ɓawon albasa ba. Ku riƙe wannan, jama'a, za mu dawo kansa.

Sallau yana da hali. In za a sayi kayan, ba ya yarda a zaɓa a cikin duhun shago, sai an fito da shi rana ya bi shi da tafin hannu yana neman tsaga. Kuma tun a wurin yake gaya wa mai saye, "Wannan fa haɗi ne, ba dutsen asali ba." In ya zo kafawa ba ya gaggawa, ba ya matse bakin magudana da ƙarfi don kada ya tsage. Sannan in ya gama, kafin ya tattara kayan aikinsa, yana da tambaya guda da ba ya bari: "Wa zai riƙa wanke wannan?" Sai a kira masa mutumin, ya tsuguna ya nuna masa. Tsumma mai laushi, sabulu, ruwa. Ba toka, ba yashi, ba soson ƙarfe. Yakan ce aikinsa bai ƙare ba sai hannun da zai wanke ya sani.

Wata rana wani attajiri, Alhaji Mamuda, ya sa shi ya kafa masa irin wannan kwami a ɗakin baƙi. Ranar da Sallau ya gama, da hantsi, yana share gam daga gefen bango, sai ga maƙwabcinsa ya shigo a firgice. Ya ce, "Sallau, taho gida. Jikin Hansai ya tashi." Hansai matarsa ce, ta daɗe tana jinya. Sallau ya zubar da abin da ke hannunsa. A bakin ƙofa ya ci karo da Alhaji yana shiga mota, ya ce masa a tsaitsaye, "Alhaji, kada a sa masa toka ko yashi, zan dawo in nuna wa mai wankewa." Alhaji ya ɗaga hannu, direba ya ja.

Kafin la'asar Hansai ta cika. Allah Ya jiƙan namu da suka riga mu. Sallau ya zauna zaman makoki, zuciyarsa ta tafi da matarsa, maganar kwami ta fita daga kansa fit. Shi kuwa Alhaji, tun kafin mota ta kai bakin titi ya manta.

To, a gidan akwai wata tsohuwa, Iya Tabawa. Shekara ashirin tana shara da wanke-wanke a gidan nan. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu sun rasu, abin da take da shi a duniya wani ɗan ɗaki ne kusa da zaure, da gadon kara da tukunyar ruwa. Aka ce mata ta riƙa kula da sabon banɗaki. Ita kuwa tun tana budurwa abu ɗaya ta sani: abin da kake ƙauna, ka goge shi da toka da yashi har ya yi walƙiya. Da haka tukwanenta suka yi suna a unguwa. Ta dubi kwamin nan ta ce wannan ai ya fi tukunya daraja, ta ɗebo toka mai kyau, ta tankaɗe yashi, ta duƙa. Ta ga ya dushe, ta ce datti ne, ta ƙara ƙarfi. Gobe ma haka, jibi ma haka. Ku saurara, bayin Allah, ba lalaci ya ɓata kayan nan ba, ƙwazo ne.

Bayan mako uku aka aiko wa Sallau. Yana isa, abin da ya fara gani a zaure shi ne ƙunshin kayan Iya Tabawa, an ɗaure a tsohon zane, tabarma a naɗe a kai. Ita kuma tana rakuɓe a gefe, hannuwanta duk sun tsattsage saboda toka. Aka kai shi banɗaki. Kwamin da ya bari yana ɗaukar ido ya koma kamar bangon da aka yi wa farar ƙasa.

Alhaji yana huci. Ya ce, "Sallau, magana ɗaya nake so. Kayan banza ka sa na saya, ko tsohuwar nan ce ta kashe mini shi? In ita ce, yau za ta bar gidan nan."

Kai mai gyangyaɗi a jikin ginshiƙi, farka, nan ne wurin. Sallau yana da amsa a bakinsa, kuma gaskiya ce. In ya ce toka ce ta cinye shi, bai yi ƙarya ba, sunansa ya tsira, tsohuwa ta kwana a titi. In ya ce, "Ai na gaya maka a bakin ƙofa," nan ma bai yi ƙarya ba, amma ya san Alhaji: in aka kunyata shi a gaban yaransa, a kan tsohuwar zai huce. Ga shi kuma da uzurin da babu mai musu, matarsa ce ta mutu. Ya tsaya yana kallon ƙunshin nan ta ƙofa, tausayi ya cika shi. Ya san yadda ɗaki yake in ya zama babu kowa, ya san shi sabo-sabo tun rasuwar Hansai. Sai ya bincika cikin maganar ko akwai rabonsa na laifi, ya kuwa same shi.

Ya ce, "Alhaji, kayanka mai kyau ne. Toka ce ta dusar da shi. Amma Iya ba ta sani ba, kuma ni ne ya kamata in sanar da ita. Duk gidan da na yi aiki sai na koya wa mai wankewa, a nan ban koya ba. Na ce zan dawo, ban dawo ba. Laifin nawa ne."

Alhaji ya ce, "Ka san abin da kake faɗa?"

Ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe. A mayar mata da kayanta ɗaki, ni zan gyara abin da zai gyaru."

Aka mayar da ƙunshin. Kwana tara Sallau yana zuwa, yana durƙushe a cikin kwamin nan da takardar goge katako mafi laushi da ruwa, yana bi a hankali, sannan ya shafa man ƙyalli ya murza har kafaɗunsa suka riƙe. Gefe-gefe ƙyalli ya dawo. Amma a tsakiya, inda Iya ta fi ba da ƙarfi, shafen ya riga ya cinye, wuri kamar faɗin tafin hannu ya zauna a dushe, ba mai iya dawo da shi.

A rana ta ƙarshe ya kira Iya Tabawa, ya ciro wani ƙyalle daga aljihu. Yankin tsohon zanen Hansai ne, wanki ya sa ya yi laushi kamar auduga. Ya ce, "Iya, da wannan za ki riƙa shafawa. Sabulu kaɗan, ruwa, shi ke nan." Tsohuwa ta karɓa hannu biyu tana kuka. Ta ce, "Ɗan nan, ni fa na goge. Me ya sa ka ɗauka?" Ya ce, "Iya, ke kin yi abin da kika sani. Ni ne na san abin da ban yi ba."

Na ga wasunku sun gyara zama, suna jira in ce Alhaji ya yi nadama ya ba Sallau gida da mota. Bai yi ba. Duk baƙon da ya sauka a gidan sai Alhaji ya kai shi ya nuna masa tabon nan, ya ce, "Aikin Sallau ke nan, da bakinsa ya amsa." Magana ta zaga majalisun masu kuɗi, aka daina kiransa manyan gidaje. Mutumin da ke kafa marmara ya koma zama a bakin kasuwa yana gyaran famfon da ke ɗiga da liƙin bokiti. Abin ya yi masa ciwo, kada ku zaci bai yi ba. Wani lokaci zai ga an wuce da sabon kwami a bayan mota, ya bi shi da ido har ya ɓace. Amma bai taɓa buɗe baki ya ce, "Ai na gaya wa Alhaji," ba.

Iya Tabawa ta ƙara shekara shida a ɗakinta. A nan ciwon ajali ya same ta, a kan gadonta, ƙarƙashin rufi, da mutanen da suka san sunanta suna ba ta ruwa. Da aka zo gyara ɗakin aka tarar da ƙyallen nan a ninke, wankakke, a ƙarƙashin matashinta. Sallau yana cikin waɗanda suka ɗauki makararta. Da aka gama rufe ta, ya koma bakin kasuwa ya zauna, don akwai bokitin da ya bari bai gama liƙewa ba. Shi ma bai daɗe ba ya bi ta, kuma har ya mutu babu wanda ya wanke sunansa.

To, jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. In abu ya lalace, laifi yakan gangara ne ya faɗa kan wanda ya fi kowa rauni, don shi ne ba shi da bakin magana. Mutumin kirki shi ne wanda zai tsaya a lokacin ya nemi rabonsa na laifin ya ɗauka, ko da yana da uzuri, ko da ba wanda zai gode masa a duniya. Allah Yana gani, kuma ba Ya mantuwa irin ta Alhaji Mamuda.

Ku duba gidajenku. Mai aikin da kuka kora don ta ƙona muku tufa, kun taɓa nuna mata yadda ake goge shi? Matar da kuka yi wa tsawa, ma'aikacin da kuka ci wa mutunci a gaban mutane, kun koya musu, ko kun ɗaga hannu ne kawai kun shige mota? Kafin ka ɗaure wa wani kayansa ka ajiye a zaure, tambayi kanka abin da ka sani ba ka faɗa ba. Allah Ya jiƙan Sallau, Ya jiƙan Iya Tabawa, Ya ba mu ƙarfin cewa "laifina ne" tun muna da bakin faɗa.