Takin Birni a Gonar Sha'aban

A wani ƙauye da ke arewa da Minjibir akwai wani manomi mai suna Sha'aban. Ba rago ba ne, kowa ya shaide shi a kan aiki. Aibinsa ɗaya ne, duk abin da ya tsallake iyakar gonarsa ba ruwansa da shi. In aka kira gayyar yashe rijiya ko cike ramin hanya, sai ya ce aikin hukuma ne. In aka matsa masa, ya ce duniyar ta riga ta lalace, mutum ɗaya ba abin da zai gyara.

Gonakin yankin a manne suke da juna, ba a barin ƙasa ta huta, don haka kowa da taki ya dogara. Wata bazara Sha'aban ya sa aka kawo masa tifa biyu ta ruɓaɓɓiyar shara daga jujin birni. Taki ne mai ƙarfi, amma cike yake da leda, baƙa da fara da ta fiya wata. Masu hankali sukan tsince ledar kafin su baza. Shi kuwa ya ce ba shi da wannan lokacin, ya zube shi tsibi-tsibi ya tafi.

Iskar bazara ta yi aikinta. Cikin mako guda leda ta watsu a gonakin maƙwabta, ta maƙale a shinge da kututturen dawa. Lokacin an saki dabbobi, ciyawa ta ƙare, duk abin da suka samu da ƙanshin abinci sai su haɗiye.

Gonar da ke gabas da tasa ta Inna Aina'u ce, wata dattijuwa da mijinta ya rasu, wadda awakinta huɗu su ne duk dukiyarta. Ran nan ta same shi a ƙofar gida.

"Sha'aban, akuyata mai ciki ta mutu jiya," in ji ta. "Da aka farke ta leda aka samu. Ka taimaka ka kwashe abin da ka zuba."

"Allah ya mayar da alheri, Inna," ya ce. "Amma ni taki na saya. Ƙasar nan duk leda ce, wa ya san ta wa ta ci?"

Tsohuwa ta dube shi, ta ce Allah ya kyauta, ta juya. Matarsa Furera, wadda ta ji komai daga zaure, ta ce masa bai yi daidai ba, kuma ya tuna shanunsa ma a can suke kiwo. Ya ce sa ba akuya ba ne.

Shanun huɗa biyu gare shi, da su yake noma gonarsa, ya kuma yi wa wasu. Ba a jima ba babban ya fara ramewa. Cikinsa ya kumbura, ya daina tuƙa, in an zuba masa dusa sai ya sansana ya kau da kai. Aka ba shi kanwa, aka ɗauko malamin dabbobi ya yi masa allura, ba sauƙi. Damina ta sauka, aka yi shuka, lokacin huɗa ya zo, a ranar ne san ya kwanta ya kasa tashi. Dole aka kira Sabiru mahauci ya yanka shi kafin ya zama mushe.

Da Sabiru ya fasa tumbi, sai ya jawo wani dunƙulen leda da ya murɗe kamar igiya, ya kusa cika kwando. Ya ajiye shi a gaban mutane ya ce, "Dabbar nan ta fi wata guda tana jin yunwa, abinci ba shi da wurin shiga."

Sha'aban ya tsaya yana kallo. Abin da ya faɗo masa a rai shi ne fuskar Inna Aina'u da amsar da ya ba ta.

A shekarar nan, da garmar hannu ya yi huɗa, rabin gonar ma a makare. Inda leda ta binne a ƙasa, gero ya fito a tsumbure. Abin da ya girbe bai kai su bazara ba.

Bayan girbi ya ja 'yar akuya budurwa ya kai wa tsohuwar, ya durƙusa ya nemi gafara. Ta yafe masa. Washegari ya ɗauki buhu ya fara tsintar leda, daga gonarta ya soma kafin tasa. Wasu suka yi ta masa dariya, suna cewa mai sa ya koma ɗan bola. Kullum bayan sallar asuba sai ya cika buhu ɗaya kafin ya kama wani aiki.

Furera ce ta fara bin sa, sai maƙwabta biyu da su ma suka yi asarar tumaki. Da mai unguwa ya ga gonakin gabas sun yi fes, ya tara magidanta aka yi shawara cewa duk wanda ya kawo takin birni sai ya tsince shi kafin ya baza. Ledar fiya wata suka riƙa tarawa masu saye suna zuwa ɗauka, sauran kuma a binne a rami mai zurfi nesa da gonaki.

Sha'aban bai samu halin sayen wani sa ba, sai haɗa ɗayan da ya rage masa ya yi da na wani maƙwabci suna huɗa tare. Amma a bazarar da ta biyo baya, ba dabba ko ɗaya da aka farke a unguwar aka samu leda a cikinta.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ƙasa amana ce a hannun kowa, kuma ɓarnar da mutum ya bari ba ta tsayawa a iyakar gonarsa, takan cuci maƙwabci ta kuma dawo masa gida. Kada yawan lalacewa ya sa ka ce babu amfanin gyara. Ka fara da abin da hannunka ya ɓata, ka dage a kai, za ka ga masu bin bayanka.