Ranar da Badujala Ta Jira Shi

Akwai wani dattijo, malamin kiɗa a jami'a, wanda a da shi ne madugun 'yan badujalar soja. A bariki ana kiransa Baban Kiɗa.

Abin da ya raba shi da barikin bai taka kara ya karya ba. Ranar wani fareti aka jera sojojin da suka dawo daga yaƙi, cikinsu akwai wani kofur mai jan ƙafa. Kiɗan maci kuwa ba ya jiran kowa. Baban Kiɗa ya hango kofur yana haɗa gumi, sahu na neman barinsa a baya. Sai ya sassauta hannu. Ganga ta lafa, begila ta bi ta, fareti duka ya koma tafiyar mutum ɗaya.

Kwamanda ya ce ya kunyata shi gaban manyan baƙi. Aka karɓe sandarsa ta jagorancin kiɗa aka ba wani. Ya tattara ya koma aji, a can ya tsufa.

Bayan ya yi ritaya ɓarin jikinsa ya shanye. Yana cikin jinya aka aiko za a karrama shi a barikin, zai taka daga rumfa zuwa gaban 'yan badujala. Autarsa ta kawo keken guragu, ya ce ko gawarsa ba za ta shiga filin nan a kan keken ba.

"Baba, komai ya shanye ban da taurin kan nan," in ji ta.

Ya yi murmushi, amma tsoro na cinsa. Ya fi kowa sanin saurin kiɗan, ya kuma san ƙafarsa.

Ranar karramawar, ya miƙe da ƙyar. Ganga ta tashi, kafin ya ɗaga ƙafa ta wuce shi. Ya ja, ta sake wucewa. Filin ya yi masa faɗi. Ya tsaya, yana shirin kiran Auta ta kawo keken.

Sai ya ji ganga ta tsaya tare da shi.

Ya ɗaga ido. Sabon madugun, wani matashi da bai sani ba, ƙafarsa yake kallo, sanda a sama. Dattijo ya sauke ƙafa, ganga ta sauka. Ya ja ɗayar, begila ta ja numfashi ta jira. Haka suka kai shi, a hankali, kamar ana raka jariri tatata.

Matashin ya sara masa, ya sunkuyo kusa da kunnensa.

"Baba, kofur ɗin nan da ka sassauta wa kiɗa mahaifina ne. Bara ya rasu. Kullum yana cewa ranar ce kaɗai bai ji kunyar ƙafarsa ba."

Darasi: Idan ka ga wani ya gaza, rage sauri ka jira shi, ko da za ka yi asara. Wata rana ƙafarka ce za ta yi nauyi. Ku tura wa wanda ya taɓa jiranku, tun yana raye.