Tubalin Rairayi

Kamilu dillalin dabbobi ne a kasuwar Dakoro, kuma duk wanda ya taɓa ciniki da shi ya san halayensa biyu: gaggawa da son a gani. Ba mugu ba ne, yana da kyauta, yana son iyalinsa. Amma bai yarda wani abu ya ci masa lokaci ba. In ya sami ramammen rago ba ya jiran kiwo ya cika shi. Sai ya ɗura masa ruwan kanwa da safe, ciki ya kumbura, ya cusa shi cikin masu ƙiba ya sayar da su tare. In an yi masa magana ya yi dariya ya ce ai ido ke saye.

Asalinsu mutanen Azagor ne. Fari ya cinye garken mahaifinsa, tsohon kuma bai daɗe ba ya bi shanunsa. Kamilu ya kwaso mahaifiyarsa Uwale da matarsa Adawiyya da 'ya'yansu suka sauko gari. Shi ne ɗan farin Uwale, don haka tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, saboda kunya irin ta mutanen da. Sai dai ta ce "yaron ga", ko da ya fara furfura.

Shekara da shekaru suna zaman aro a filayen mutane. A kafa zana yau, gobe mai fili ya zo ya ce zai yi gini, a tattara komatsai a yi gaba. Haya ta fi ƙarfinsu. Siminti da kwano sai dai kallo, itacen rufi kuma ya yi tsada tunda daji ya ƙare. Da kyar Kamilu ya sami wani ɗan fili a bakin gari, wajen hanyar Korahane, amma abin ɗora masa babu.

A wannan lokaci ne wasu magidanta masu irin damuwarsa suka haɗa kai da wani magini, Malam Sa'adu, wanda ya iya gini ba itace ba kwano. Da laka ake buga tubali, duk girma ɗaya, a ta da bango da shi, rufin ma da shi ake lanƙwasawa kamar an kife ƙwarya. Aikin gayya ne, ana bin gidaje layi-layi. Ƙa'idarsu ɗaki ɗaya ga kowane gida a kowane rani. A jikin bangon ana barin alamar ƙofa a toshe, in baɗi ta zo a fasa ta a jona wani ɗakin. Haka gida ke girma a hankali ba tare da an takura kowa ba. Wahalar abin ɗaya ce: ƙasar Dakoro rairayi ce, laka kuwa sai an je busasshen tafki mai nisa an ɗebo a amalanken jaki.

Layi ya zo kan Kamilu, aka yi masa ɗakinsa. Ɗaki ne mai kyau, ga sanyi ko da rana ta take. Adawiyya da yara suka shiga. Uwale kuwa ta kafa bukkarta ta tabarmi a tsakar gida, irin wadda ta saba da ita tun suna bin shanu, tana zaune abinta lafiya lau.

Abin da ya hana Kamilu sakat shi ne bakin abokan kasuwa. Suka sa shi gaba da tsiya, wai dillali guda ya shige ɗaki ya bar uwarsa a bukka kamar baƙuwa. Wasa suke yi, amma shi maganar ta tsaya masa a wuya. Ya dawo gida ya ce bana ba baɗi ba sai Inna ta sami ɗakinta.

Uwale ta ji, ta dubi Adawiyya ta ce, "Ki ce ma yaron ga shi ƙyale ni. Cikin bukka anka haihe ni. Bukka in ta hwaɗo ma mutum, ture ta yakai shi tashi. Baɗi ba nesa ba ce."

Bai saurara ba. Ya sami Malam Sa'adu, shi kuma ya gaya masa amalanken ƙungiya ya wuce gidan gaba, akwai masu jira. Amma in zai iya ɗebo laka da kansa ya buga tubalin, ya ta da bango kamar yadda ya gani an yi, to shi zai zo ya yi masa rufin kafin ruwa ya sauka.

Kamilu ya ari jaki ya fara jigila. Bai yi nisa ba ya gaji. Tafki da nisa, rana da zafi, ga kasuwa tana wuce shi. Wata safiya ya tsaya yana kallon rairayin da ke shimfiɗe a filinsa kyauta, sai dabarar kasuwa ta faɗo masa. Ya riƙa kwaɓa rairayin da 'yar laka kaɗan, abin da zai riƙe shi kawai, ya buga tubali, in ya bushe ya shafe shi da ruwan laka. A ido ba ka raba shi da na gaskiya. Ya jera su, ya lulluɓe tulin da masu kyau ta sama da ta gefe, kamar yadda yake ɓoye ramammen rago.

Adawiyya ce ta fara ganewa, don ta ɗaga tubali ɗaya, gefensa ya zube mata a hannu. Ta nufi mijinta da shi. Ta ce, "Maigida, wanga tubali ba shi da ƙashi. Inna fa za ta kwana ƙarƙashinai."

Ya ce da ita in aka yi yaɓe wa zai sani? Ai laka da rairayi duk ƙasa ce. Ya ƙara da cewa ta tsaya ga tukunyarta. Ta koma ga tukunyarta, kuma rashin gaya wa kowa har yau yana cin ta.

Malam Sa'adu ya biyo ya duba tulin. Ya ɗauki na sama ya fasa, ya ga laka ce tsantsa, ya sa albarka ya koma aikinsa. Kamilu ya ɗauki 'yan ƙwadago suka ta da bango da tubalin rairayi, suka yi maza suka yaɓe. Masu kyan ya ajiye don rufi, tunda su ne maginin zai taɓa da hannunsa. Aka fasa ƙofar da ke jikin ɗakin farko, aka lanƙwasa rufi mai nauyi a kan bangon. Ɗaki ya fito gwanin sha'awa, har abokan kasuwa suka zo gani, Kamilu kuwa baki har kunne.

Da Uwale ta ƙi barin bukkarta, sai ya jira ranar da ta tafi bikin suna a makwabta, ya kwance bukkar ya kyautar da tabarmin. Ta dawo ta tarar da wurin fayau. Ta ɗauki buzunta da butarta ta shiga ɗakin da ɗanta ya gina mata.

Damina ta sauka. Ruwan farko bai yi komai ba, na biyu ma haka, Kamilu har yana yi wa Adawiyya gori. Da damina ta yi tsakiya aka shiga kwanakin ruwa ba ƙaƙƙautawa. Yaɓen gindin bango ya zaizaye, ruwa ya sami rairayi, rairayi kuwa ba ya riƙe amana.

Ranar kasuwa ce, bayan azahar. Kamilu yana can ya fake a rumfa yana ciniki. Uwale ta idar da salla ta ɗan kishingiɗa. Adawiyya tana ɗakin farko da yara sai ta ji ƙasa ta girgiza. Bangon sabon ɗakin ya buɗe, rufin ya zauna gaba ɗaya. Ita da makwabta suka yi ta tono da hannu cikin ruwa, tubalin yana narke musu a tafi. Kafin a kira Kamilu ya iso, an riga an lulluɓe tsohuwa da zane. Ɗakin farko kuwa ko tsagewa bai yi ba.

Malam Sa'adu ya zo ta'aziyya. Da zai fita ya tsugunna a kan ɓaraguzan, ya ɗauki guntun bango ya murza, rairayi ya zubo ta tsakanin yatsunsa. Ya dubi Kamilu, ya ce Allah ya jiƙan ta, ya tafi. Bai tona masa asiri ba, Kamilu kuma bai iya tona kansa ba. Gari ya ɗauka cewa ginin ƙasa ne ya kashe tsohuwa. Masu jiran layi suka janye ɗaya bayan ɗaya, gayya ta watse, suka koma zaman zana a filayen mutane. Haka laifin mutum ɗaya ya hana gidaje da yawa rufi.

Bayan an share makoki, Kamilu ya zama kamar ba shi ba. Ya daina zuwa kasuwa, ya wuni zaune yana kallon ƙofar da aka fasa, wadda yanzu ba ta kai mutum ko'ina sai kan tarin ƙasa. Wata rana ya daure ya tambayi Adawiyya ko Inna ta yi magana kafin ta cika. Adawiyya ta daɗe tana kuka kafin ta amsa.

Ta ce, "Muna tono muna jin muryarta. Ba ni ta kira ba, ba yara ba. Sunanka taka kira. Kamilu, Kamilu, har muryar ta ɗauke."

Sunan da ya yi rayuwarsa duka bai ji daga bakinta ba, ranar da ta faɗe shi yana can yana yabon rago. Har yau bai toshe ƙofar nan ba, bai kuma sake ɗora ko tubali ɗaya ba.

Darasin wannan labari shi ne, abin da aka ce a yi shi sannu-sannu, to sannun ita ce ƙarfinsa. Ɗaki ɗaya na gaskiya ya fi biyu na ha'inci, kuma jiran baɗi ya fi nadamar da ba ta da ranar ƙarewa. Ana iya ruɗin idon mai saye, amma ruwan sama ba ya kallon yaɓe, abin da ke ciki yake nema. Duk mai gina wa iyalinsa matsuguni ya tuna cewa algus ɗin da ya ɓoye a bango, wanda ya fi so ne zai kwana a ƙarƙashinsa.