Jikar Hajiya Luba Tana Jiran Suna

Ku gyara zama, kowa ya kife wayarsa. Labarin yau ba na dariya ba ne, kuma in na kai ƙarshensa ba ni zan yanke hukunci ba, ku za ku yanke.

A Funtuwa an yi wata mata, Hajiya Luba, mai dafa abincin biki. In ana aure ko suna ko walimar sauka a unguwarsu, tukwanenta ne a kan murhu. Mijinta ya rasu tun da sauran ƙuruciyarta, da ludayi da muciya ta riƙe gidanta. Mai girki kuwa ba ta rabuwa da ɗanɗane, lomar nan a ji gishiri, tsokar can a ji ko ta nuna. Jikin ma na gado ne, haka mahaifiyarta take. Shekara na bin shekara, ƙiba na hawa, har ta kai turmin atamfa ba ya isarta riga da zani. Ciwon suga ya shigo, hawan jini ya biyo shi, gwiwoyi suka ƙi ɗaukarta. Daga ɗakinta zuwa bakin murhu sai ta huta a hanya. In ta kwanta barci numfashinta ya riƙa ɗaukewa, ta farka a firgice kamar wadda aka shaƙe, gari ya waye mata da gajiyar da ta fi ta jiya. Ta sha saiwoyi, ta sha shayin rage ƙiba na masu talla, ta bar tuwon dare. Abin da ya sauka a wata guda sai ya dawo da ƙari. Daga baya ta saki. Ta ce ta gaji, abin da Allah ya rubuta shi zai same ta.

Mata uku ne suka shiga lamarinta, kowace da ƙofar da ta biyo.

Ta farko ƙanwarta ce, Hindatu, malamar makaranta da ke aure a Kaduna. Ta zo ganin gida, ta tarar da yayarta ta ɗaure ƙafa da tsumma tana ɓoyewa a ƙarƙashin zani. Ta durƙusa ta kwance tsumman, ta ga gyambo ya ci gefen babban yatsa.

"Yaya, tun yaushe?"

"Ƙaya ce na taka. Zai warke."

"Haka Inna ta ce. Ke kika riƙe hannunta ranar da aka yanke ƙafar."

Luba ta kau da kai. Hindatu ba ta koma Kaduna ba sai da ta tura ta cikin mota zuwa wani asibiti a Abuja. Likita ya auna, ya duba, ya ce magani kaɗai ya daina riƙe ta. Akwai aikin da ake yi, a huda ciki wurare kaɗan, a yanke mafi yawan tumbi a fitar, a bar ɗan siriri kamar ayaba, yadda abinci kaɗan zai ƙosar da mutum, ƙiba ta sauka, suga ya lafa. Bai ɓoye mata cewa aikin yana da haɗari ba, amma ya ce zaman da take yi ya fi shi haɗari. Luba ta ce ita ba tunkiya ba ce da za a farke ta da ranta.

Hindatu ta ɗauki hutu a wurin aiki, ta bar miji da 'ya'ya, ta tare a Funtuwa. Ita ke wanke gyambon har ya kame, ita ta kulle ɗakin ajiyar abinci ta ɗaura makullin a haɓar zani, don likita ya ce kafin aiki sai an yi makonni ana shan ruwa-ruwa kawai. Ba irin zagin da ba ta sha ba. Da safiyar ranar aikin aka nemi Luba a gadonta aka rasa. Hindatu ta same ta a bencin da ke bakin ƙofar asibiti, da hijabinta da jakarta, tana haki, ta kasa ƙarasawa titi. Ba ta yi mata faɗa ba. Ta zauna kusa da ita, suna kallon motoci.

Can ta ce, "Da hannuna na yi wa Inna wanka, Yaya. Ba zan iya yi miki ba."

Luba ta miƙa mata jakar. Da ba don Hindatu ba, ko ƙofar ɗakin tiyata ba za ta gani ba.

Ta biyu aminiyarta ce, Barira mai turaren wuta, wadda suka tashi tare tun suna tallan gyaɗa. Barira ba ta yarda da aikin ba ko kaɗan. Ta ce Allah ya halicci mutum da tumbinsa cikakke, a kan me za a kai a rage? A kan wannan magana ta daina gaisawa da Hindatu. Amma ranar tafiya sai ga ta da ƙullin kayanta, ta shige mota ta ce, "Ba don na yarda ba. Don kada a ce ba na nan."

An yi aiki. Luba ta farfaɗo bakinta a bushe kamar ta tauna toka, ruwa kuma an hana ta, sai dai a jiƙa auduga a shafa mata a leɓe. Kafaɗarta na ciwo kamar an soka mata ƙusa, aka ce iskar da aka hura mata a ciki ce. A ranar aka tayar da ita tsaye, aka ce ta taka, ta yi 'yan taku tana jan ƙarfen ƙarin ruwa tana jin kamar cikinta zai zube ƙasa. Washegari da rana sai ta ji sanyi yana hawa daga ƙafa, gumi na keto mata, muryoyin mutane na yin nisa. Likitoci suka taru a kanta. Wurin da aka ɗinke a ciki ne yake zubar da jini, dole a mayar da ita a tsayar da shi, dole kuma a ƙara mata jini. Jininta irin wanda ba a cika samu ba ne, abin da ke ajiye a asibitin ba zai isa ba. Aka gwada Hindatu, bai zo ɗaya ba. Aka gwada direban da ya kawo su, bai zo ɗaya ba. Saura Barira, matar da ko allurar zazzaɓi aka zo yi mata sai an danne ta, wadda duk haihuwarta a gida ta yi don tsoron asibiti. Aka gwada, nata ya yi.

Barira ta kwanta ta rufe fuska da mayafi, tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Da aka zare allurar ta yunƙura za ta tashi, ta faɗi sumammiya. Da aka yayyafa mata ruwa ta buɗe ido, abin da ta fara cewa shi ne, "Ya isa, ko a ƙara ɗiba?"

Luba ba ta ga wannan ba, labari aka ba ta. Abin da ta gani da ta sake farfaɗowa shi ne jakar jini a rataye a kanta tana ɗiga, da Barira a kujera, fuska a yamutse, tana cewa, "Ai na faɗa miki kada ki zo." Likita da bakinsa ya ce da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin.

Ta uku ƙanwar marigayin mijinta ce, Atika. Tsakaninsu ba daɗi. Wasan ƙanwar miji ne ya yi tsami, don Atika ta taɓa kiranta buhun gero a tsakiyar taron biki, mata suka yi dariya, Luba ta riƙe abin shekaru. Da aka sallamo ta aka dawo Funtuwa, hutun Hindatu ya ƙare har ana barazanar korarta, dole ta koma. Barira kuma jiri bai sake ta ba, ga nata gidan. Luba na kwance tana tunanin wanda zai ko miƙo mata buta, sai ta ji sallama. Atika ce da jakar kayanta. Ta ce, "Matar Yaya, ina zan ajiye?"

A nan jinyar ta nuna tsawonta. Matar da ta ciyar da rabin gari ta koma shan ruwa da cokalin shayi. In ta yi kurɓa biyu a jere, sai ta ji kamar an ɗora mata dutse a ƙirji, ta amayar. Atika ta tace romon kaza ta kwashe man, ta dama kunu tsararo ba sukari, ta zauna a bakin gado da cokali, ta ba ta ɗaya, ta jira, ta sake ba ta. Kafin a gama rabin kofi ya huce, ta tashi ta ɗumama. Ita ke yi mata allurar hana jini daskarewa a fatar ciki, ita ke goge ƙananan ɗinkin, ita ke kama ta su zagaya tsakar gida safe da yamma, Luba na jan ƙafa tana cewa a ƙyale ta. Da Atika ta lura ƙamshin girki na sa Luba kuka, sai ta daina ɗora tukunya a gidan, nata abincin ma a gidan maƙwabta take ci a tsaye ta kurkure baki ta dawo.

Luba ta yi nadama ba sau ɗaya ba. Yunwar ciki ta tafi, amma ta ido da ta zuciya suna nan. Ta kan zauna ta zuba wa tukwanenta ido a kife a jikin bango, ta ce su mayar mata da tumbinta, gara ta mutu a ƙoshe. Akwai ranakun da ko ruwan ta ƙi, ta juya fuska bango, leɓɓanta suka tsage. Atika ba ta lallashi, ba ta faɗa. Ta kan riƙe cokalin a bakinta har hannunta ya gaji, ta sauya hannu.

Wata rana 'yan dubiya suka zo da tuwon shinkafa da miyar taushe, ba su san an hana ba. Luba ta faki ido ta tura kwano ɗaya ƙarƙashin gado. Bayan azahar, Atika na shanya, sai ta ji ɗakin ya yi tsit fiye da kima. Ta leƙa ta ga loma har ta kai leɓe. Ta yi tsalle ta riƙe hannun. An gargaɗe su cewa ɗinkin ciki bai kame ba, abinci mai nauyi zai iya ɓarke shi, in ya ɓarke kuwa kafin a kai Abuja an gama. Luba ta fizge, Atika ta matse yatsun har tuwon ya zube a tabarma. Sai Luba ta ɗaga ɗaya hannun ta kwaɗa mata mari.

"Fita min daga gida! Dama can ba ƙaunata kike ba."

Atika ta ɗauki kwanon ta fita. Luba ta ji ƙarar ƙofar zaure, ta kwanta tana kuka, ta tabbata ta tafi ke nan. Da la'asar ta yi sai ga ta ta ɗaga labule, shatin yatsu a kumatunta, kofi a hannu. Ta ce, "Matar Yaya, tashi. Lokacin romo ya yi."

Sannu a hankali aka tashi daga ruwa zuwa abu mai kauri, daga nan zuwa dankalin da aka murƙushe da rabin ƙwai, wanda in ta ci sai ta ji kamar ta cinye akushi. Suga ya sauka har likita ya ce a ajiye allurarsa. Barci ya fara zuwa mata ba shaƙewa. Riguna suka yi mata yawa, fatar hannu ta saki tana reto. Mutane na ta barka, ita kuwa gajiya ba ta bar ta ta san ko murna take yi ba.

Ana cikin haka matar ɗanta ta haihu. Ɗa ɗaya gare ta, Mamuda, wanda aiki ya riƙe a Fatakwal duk tsawon jinyar. Ya iso gida ya durƙusa a gabanta ya ce mace aka samu, kuma sunanta zai sa.

Ta girgiza kai. "Ni me na yi? Kwanciya kawai na yi, wasu suka ɗauke ni."

"To ki zaɓa a cikinsu, Hajiya. Ban yi mata huɗuba ba, ke nake jira."

Ta ce ya ba ta lokaci. Kwanaki suka yi ta tafiya ba ta ce komai ba, har jajibirin suna. Ranar gidan ya cika, an tayar da tukwanenta an ɗora, wasu ke juyawa. Luba na zaune a ƙofar ɗaki da ɗan kofinta tana kallon su ukun. Hindatu ta zo daga Kaduna tana tsince shinkafa. Ita ta ja ta zuwa wuƙar da ta kusa kashe ta, amma ita ta raba ta da hanyar da Inna ta bi. Barira na gefe tana turara kayan jaririya, har yau ba ta kallon inda Hindatu take. Da an bi shawararta da yanzu ƙafa ta tafi, amma jininta ne ke gudu a jikin Luba. Atika na bakin rijiya tana wanke-wanke. Ba ta kai ta asibiti ba, ba ta ba da jini ba, amma ita ta sha wahalar da ta fi tsawo, aka biya ta da mari, ta dawo da kofi.

Mamuda ya yi sallama ya tsaya a bakin ƙofa, hula a hannu. Ya ce liman ya aiko yana tambaya, don da an idar da sallar asuba za a raɗa suna. Luba ta dubi wannan, ta dubi waccan.

Jaririya ɗaya ce, suna ɗaya za ta ɗauka. To, ku da kuka ji yadda aka yi, tsakanin Hindatu da Barira da Atika, sunan wa ya cancanta Hajiya Luba ta faɗa wa ɗanta?