Keken Tseren Malam Jatau

Ku ɗan saurara, ga wata magana da za ta hana ku tashi daga tabarmar nan. Kai Barau, ajiye wayar nan, gardamar da kake so ce na kawo maka.

A wani ƙauye can bayan Funtuwa an yi wani tsoho, Malam Jatau. A zamanin samartakarsa ɗan tseren keke ne. Kekensa ba irin na 'yan kai kaya kasuwa ba ne, siriri ne, kore, na ƙarfe mai sauti, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago. 'Ya'yansa uku duk a kan sandar keken nan suka girma: Tabawa ce babba, sai Nomau mai gyaran kekuna a Funtuwa, sai autansu Ilu.

Da tsufa ya kama Malam Jatau, ido ya yi yana, hankali kuma ya fara gushewa. Wata rana ya hau keken ya ɓata, sai a wani ƙauye mai nisa aka tsinto shi. 'Ya'yan suka tsorata, suka haɗa baki suka bai wa wani mai gawayi keken a ɓoye. Da kyakkyawar niyya suka yi, amma wallahi sun yi kuskure. Tun daga nan tsohon ya daina gane su. In ya ga mutum fiye da ɗaya a kansa sai ya firgita ya yi ta ihu, har ya zama ɗai-ɗai ake shiga ɗakinsa. Da damina ta biyu ta zo ya kwanta ciwo, ya juya fuska bango, ya ce ba zai sa komai a bakinsa ba sai an kawo masa kekensa. Suka sayo sabo fil suka kai masa. Ya lalubi sandar, ya ƙwanƙwasa da farce, ya ce, “Wannan bututun famfo ne. Ku fitar da shi.” Ƙanwarsa Gwaggo Dije, mai jinyarsa, ta ce musu ruwa kaɗai take samu ta ɗiga masa, in ba su yi wani abu ba su fara shirin likkafani.

Tabawa ta ɗaura gyale a ƙugu ta bi sawun keken. Mai gawayi ya ce ai ya shafe shi da baƙin fenti, ya canza masa kai, ya yi masa waldar kariya ta ɗaukar kaya a baya, da ya lanƙwashe kuma ya ba 'yan gwangwan. Ta isa filin 'yan gwangwan a Funtuwa, ta tarar ana loda babbar mota da ƙarafan da za a kai a narke. Baƙaƙen kekuna matattu ga su nan tsibi guda, duk kamarsu ɗaya. Ko lambar jikin keken ba ta sani ba, amma tana yarinya, in babanta ya ɗora ta a sanda, akwai wani ɗan ƙullutu na tagulla a ƙarƙashin sandar, inda maƙeri ya taɓa liƙe tsaga, nan take dafa babban yatsanta in tsoro ya kama ta. Sai ta rufe ido ta riƙa shafa ƙarƙashin kowace sanda. Ƙarfe ya yanke ta, jini na zuba, ba ta samu ba. Direba ya tada mota. Matar nan mai jikoki ta je ta tsaya gaban motar, ta ce sai dai a bi ta kanta. Suka zage ta, suka ce mahaukaciya ce, amma suka bar ta ta hau. Can ƙarƙashin wata ƙofar mota yatsanta ya faɗa kan ƙullutun, ta fashe da kuka ta ce, “Ga shi nan!”

Abin da ta dire a rumfar Nomau, in kun gani ba za ku kira shi keke ba. Ƙafafun gaba sun karkace, sirdi ya maƙale da tsatsa, tayar baya kaɗai ta rage ta asali. Abokan sana'arsa suka ce ya sa wuta ya miƙe shi, ya fesa sabon fenti, ya ɗaura sababbin kaya a wuce wurin. Nomau ya ƙi. Ya san ƙarfen nan ba kauri gare shi ba, wuta na taɓa shi ya mutu. Ya saƙala shi a tsakanin rassan dalbejiya, ya ɗaura zare yana auna daidaito, yana tausa shi a sanyi kaɗan-kaɗan, don in ya ji ƙas, to har da ran babansa aka karya. Ya goge waldar kariya da zarto, ya bi baƙin fentin da reza har koren asali ya leƙo, ya nemo lanƙwasasshen kai a wurin wani tsohon ɗan tsere. Sai firiwil, ɗan abin nan na tayar baya mai yin ƙara in ka daina juya feda. Na keken Malam Jatau yana da wata ƙara tasa mai ɗingishi, kamar a ce tik-tik, a ɗan yi shiru, a sake. Sabo ba zai yi ta ba. Nomau ya jiƙa tsohon firiwil ɗin a kalanzir, ya buɗe shi a kan faranti, ya wanke ƙwayoyin boris ɗaya bayan ɗaya ya mayar. Ana ta kiransa a waya ana cewa jikin Baba ya yi tsanani, amma bai yi gaggawa ba har sai da ya juya tayar ya ji ɗingishin nan ya dawo.

To, a safiyar da aka gama, ruwa ya cinye gadar da ke kan hanyar ƙauyen. Motoci suka yi layi, ba mai wucewa. Tabawa da Nomau suka shiga mota ta doguwar hanyar zagaye, mai motar kuwa ya ce ba wurin keke. Ilu, wanda rabonsa da feda tun kafin ya ajiye tumbi, ya ce a ba shi. Ya hau ya bi ta gonaki, laka na kama taya, cinyoyinsa na ci da wuta. Da ya isa rafi, masu tsaye a bakin gaɓa suka ce kada ya shiga, jiya ma ya tafi da saniya. Ilu ya ɗora keken a ka ya shiga. Ruwa ya kai masa ƙirji, ya kai wuya, wani kututture ya doke shi a haƙarƙari. Da ya saki keken da ya yi iyo cikin sauƙi, amma bai saki ba. Ya fita yana aman ruwa. Kuma ku ji abin da ya yi, don nan ne wani zai ɓata aikin gaba ɗaya. Bai turo keken cikin gida ba. Shi ne autan da kullum yake zaman jiran Baba a ƙofar gida, ya san yadda yake dawowa: daga gindin tsamiya yake daina juya feda, ya gangaro a hankali har bakin zaure. Haka Ilu ya yi, da karyayyen haƙarƙarinsa, bayan la'asar, ya bi ta ƙarƙashin tagar tsohon, tayar baya na ta ƙarar nan tata mai ɗingishi.

Gwaggo Dije ta ce tana zaune da kofin kunu ya huce a hannunta, sai ta ga mutumin da ya kasa ɗaga kai ya juyo daga bango. Aka shigar masa da keken. Ya ƙwanƙwasa da farce, ya lalubi ƙullutun tagulla, ya juya tayar baya ya kasa kunne. Hawaye suka gangaro masa. Ya ce, “Dije, ina kunun?” Ya sha har ya nemi ƙari.

Ana haka Tabawa da Nomau suka iso, suka tarar da Ilu zube a tsakar gida. Sai Gwaggo Dije ta fito da sauri ta ce, “Hankalinsa ya dawo, ya kira ni da sunana. Ya ce wanda ya dawo masa da kekensa ya shigo, shi kaɗai, ya shafa fuskarsa ya sa masa albarka. Ku yi sauri, ban san ko zai daɗe a haka ba.”

Kada wani ya ce min su shiga su uku, na gaya muku taro firgita shi yake yi. Kada kuma a ce su bi layi, hankalin nan na iya gushewa kafin na farko ya fito. Shekara biyu ke nan uban nan bai ambaci sunan ɗayansu ba, kowannensu kuma yana kwana da nauyin abin da suka yi masa. Ga su tsaye a bakin labule, Tabawa da tsumma ɗaure a hannu, Nomau da baƙin mai a farce, Ilu dafe da haƙarƙari, kowa na kallon ɗan'uwansa, daga ciki kuma tsohon na cewa, “Ina yake ne?”

To, Barau, da kai da sauran, ku faɗa min: wa zai ɗaga labulen nan ya shiga?